Ina Ruwan Bakatsine da Teku? Tambayoyi da Amsoshi Kan Jiragen Ruwan Kasuwanci da Ma'aikatansu

Shekara goma sha huɗu na yi a Legas ina aikin fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa da ta Tin Can. Kada mutanen Jibiya su yi murmushi, ba fito nake nufi ba, nawa da takardun kwastan ne da hatimi. Bayan na dawo gida, wata rana a majalisarmu ta bayan la'asar a wajen Ƙofar Ƙaura na ce wa jama'a yau ce ranar ma'aikatan jiragen ruwa ta duniya. Aka yi tsit. Can sai wani dattijo ya ce, "To Alhaji, a nemo mota mu tafi dam ɗin Ajiwa mu yi bikin." Aka kwashe da dariya. Sai dai tun daga ranar tambayoyi ba su yanke ba, daga 'yan majalisa, daga ɗalibai, har daga iyaye mata ta hannun maiɗakina. Ga su nan yadda aka yi mini su.

Mu da ko kogin kirki ba mu da shi, ina ruwanmu da teku?

Mai wannan tambaya yana da hujja. Daga Katsina zuwa gaɓar teku a Legas ya fi kilomita 1,000. Mutanen Daura ma labarinsu da rijiya ya fara, Kusugu, wadda aka ce sai ranar Juma'a ake samun ɗibar ruwanta. Mu mutanen tudu ne.

To amma tashi ka zagaya gidanka. Babur ɗin da ke zaure daga Indiya ko Sin ya taso. Farantin sola da ke kan rufi, keken ɗinkin uwargida, injin ban ruwan da ƙanenka ke noman rani da shi, yawancin alkamar da aka yi burodin da ka karya da shi, duk sun yi makonni a cikin jirgin ruwa kafin tirela ta hauro da su. Hatta takin zamani, wani sashe na sinadaran haɗa shi daga Maroko ake kawowa. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashe ke sayar wa juna ta teku suke bi.

Haka yake in ka juya ta ɗaya gefen. Zoɓon da dillalai ke bi ƙauye-ƙauye suna aunawa, mai yawa daga cikinsa a Meziko ake shan sa. Riɗi yana zuwa Japan da Turkiyya da Sin. Kafin su an yi zamanin gyaɗa da audugar Funtua da fatu, tun da layin dogo ya iso Kano a 1911 ya haɗa Arewa da bakin ruwa.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: Katsina da fatauci ta yi suna. Ayarin raƙuma ya riƙa tasowa daga Tarabulus ya biyo ta Agadas ya sauke a nan, fatakenmu kuma su nufi Gwanja su ɗauko goro. Jirgin ruwa ne ya karɓe wannan ciniki daga bayan raƙumi da jaki. Ke nan ma'aikacin jirgin ruwa falken zamani ne, kyaftin ɗinsa madugu, tashar jirage kuma zango. Kakanninmu sun san darajar madugu uban tafiya. Mu ne dai magajinsa ya yi mana nisa har ba mu san kamanninsa ba.

Su wa ake nufi ne? Sojan ruwa?

A'a. Sojan ruwa aikinsa tsaro da yaƙi. Waɗannan farar hula ne masu tuƙa jiragen dakon kaya: na kwantena, na man fetur da gas, na hatsi da siminti, na motoci. Ruɗanin ya samo asali daga Ingila. Bayan yaƙin duniya na farko Sarki Joji na Biyar ya ba su laƙabi mai kalmar "nebi" a ciki, wato sojan ruwa da Turanci, saboda ɗimbin rayukan da suka rasa suna kai wa ƙasarsa abinci, ga shi kuma manyansu suna sa kaki mai igiyoyi a kafaɗa.

Wannan kakin ne 'yan damfara ke fakewa da shi. Sai ka ga an buɗe wani fili, an tara samari ana musu fareti, ana sayar musu da fom da kaki da sunan za a ɗauke su "nebin kasuwanci". Sojan ruwa sun sha kama irin waɗannan. Duk wanda ya ce maka fareti ne hanyar shiga jirgin dakon kaya, riƙe kuɗinka.

Wace rana ce tasu, kuma wa ya ware ta?

25 ga Yuni. Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, mai hedikwata a Landan, ita ta amince da ranar a taron Manila na 2010, aka fara bikin a 2011. Akwai kuma Ranar Teku ta Duniya a Alhamis ɗin ƙarshe ta Satumba. Wasu ƙasashe suna da tasu ta kansu: Ingila 3 ga Satumba, Amurka 22 ga Mayu, Indiya 5 ga Afrilu, ranar da jirgin wani kamfaninsu na gida ya tashi daga Bombay zuwa Landan a 1919. A Najeriya hukumar kula da sufurin teku ta ƙasa, NIMASA, ce ke shirya taron 25 ga Yuni, galibi a Legas, shi ya sa labarin ba ya ƙetaro Kwara.

Wai da gaske Najeriya ta taɓa mallakar manyan jiragen ruwa na kanta?

Ƙwarai kuwa, kuma matasa da yawa ba su sani ba. A 1959, ana gab da samun mulkin kai, aka kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL. Gwamnati ta riƙe kashi 51, sauran na kamfanonin Ingila biyu ne, Elder Dempster da Palm Line, waɗanda suka daɗe suna cin kasuwar Afirka ta Yamma. A 1961 gwamnati ta saye hannun jarinsu gaba ɗaya.

A shekarar da aka kafa kamfanin ne ma'aikata 'yan Najeriya na wani jirgin Elder Dempster mai suna Apapa suka ajiye aiki a Libaful saboda wariyar da Turawan jirgin ke nuna musu. Ga mutane irin waɗannan, ganin tutar ƙasarsu a bayan jirgi ba ƙaramin abu ba ne.

Sunayen jiragen kaɗai sun isa a tsaya a kansu. Na farko-farko akwai Dan Fodio, da Oduduwa, da King Jaja. Aka ƙara El Kanemi da Oranyan da Herbert Macaulay, sannan sababbi fil guda biyu, Ahmadu Bello da Nnamdi Azikiwe. Ka ƙiyasta a ranka: jirgi ya doshi tashar Libaful ko Hambag, ma'aikacin tashar yana duba littafi yana ƙoƙarin furta sunan Shehu. Daga baya aka koma sa musu sunayen koguna, aka yi River Niger da River Benue da River Ogun, har da River Hadejia da River Gongola. A 1977 gwamnatin Obasanjo ta ba da odar sababbin jirage 19, kuma zuwa 1979 kamfanin yana da jirage 24 masu ratsa teku.

A 1995, zamanin Abacha, aka rushe shi. An kafa wani ƙaramin kamfani a madadinsa da jirgi ɗaya mai suna Abuja, shi ma bai yi nisa ba.

Me ya kashe shi?

Abubuwa ne suka taru. Duniya ta koma zuba kaya a kwantena, mu kuwa jiragen da muka saya yawancinsu na tsohon yayi ne, masu ɗaukar buhu-buhu da akwati-akwati, waɗanda sai su yi kwanaki ana loda su. Ga bashi, har ta kai ana riƙe jiragenmu a tashoshin Turai sai an biya masu bin kuɗi. Ga canjin shugabanni ba ƙaƙƙautawa, kowane da mutanensa. Gyara ya yi ƙaranci. A 1989 River Gurara ya nutse a kusa da gaɓar Fotugal, ma'aikata da dama suka rasu.

In ka zauna da tsofaffin ma'aikata za su gaya maka har da fataucin bayan fage da wasunsu ke yi, a sayo tsofaffin firji da tayoyi a Turai a sayar a Legas, musamman da albashi ya daina zuwa kan kari. Ban wanke kowa ba, amma a ganina mai gyaran inji a ƙasan jirgi ba shi ya ci bashin da aka riƙe jirgin a kansa ba. Shi ne kuma aka bari yana yawon neman haƙƙinsa na sallama shekara da shekaru.

To tunda jiragen wasu suna kawo mana kaya, mece ce asarar?

Kayan aro ba ya rufe katara. Kuɗin dakon kusan duk abin da muke shigowa da shi da dala ake biya, kuma waje suke tafiya. Ɗanyen manmu ma a bakin tasha muke sayarwa, mai saye shi ke zuwa da jirginsa, ribar dakon ta wuce mu. In kamfanonin waje suka ƙara kuɗi, ko suka ce ruwanmu na da haɗari sai an biya ƙarin inshora, a farashin buhu da katan za ka gani a babbar kasuwa.

Babbar asarar dai ta mutane ce. Jirgi makaranta ne, a cikinsa ake yaye kyaftin da injiniya. Ƙasar da ba ta da jirage sai ta roƙi wasu su koya wa 'ya'yanta. Ba na cewa ba mu da komai: kamfanin gas na NLNG yana da manyan jirage da 'yan Najeriya ke aiki a ciki, akwai kuma 'yan kasuwa masu jiragen mai da na hidimar rijiyoyin mai a cikin ruwanmu. A 2003 aka yi dokar da ta ce zirga-zirga tsakanin tashoshinmu ta jiragen 'yan ƙasa ce, aka buɗe asusun tallafa musu su sayi jirage. An shafe fiye da shekara ashirin ana tara kuɗin ana alkawarin rabawa.

Yaya rayuwa take a cikin jirgin?

Gani ya kori ji. Ranar da na fara hawa wani jirgin kwantena a Apapa, na ɗauka zan tarar da mutane ɗari biyu saboda girmansa. Ashirin da 'yan kai ne. Kashi uku suke: masu tuƙi da kula da saman jirgi, masu inji, sai kuku da mataimakinsa. Masu gadin tuƙi awa huɗu suke yi su huta takwas, dare da rana, babu Juma'a babu Lahadi.

Wani injiniya ya sauka da ni ɗakin inji. Sai da ya ba ni abin toshe kunne, duk da haka ƙarar a ƙirji nake jin ta. Injin ya kai tsayin bene, matakala ake bi a kai samansa. Zafin wurin kuwa, mutumin da ya saba da Afrilun Katsina ne ke gaya maka ya jiƙe sharkaf cikin minti goma, ga warin baƙin mai ya kama riga. Akwai wanda nan ne wurin aikinsa wata tara.

Da muka hauro sai wani ɗan Filifin ya tare ni. Ba abinci ya roƙa ba, layin waya yake so in sayo masa. Ya ciro wayarsa ya nuna mini hoton jaririya da aka haifa masa bayan ya baro gida. Ta kai wata biyar, bai taɓa ɗaukar ta ba. Jirgin kwana biyu zai yi, shi kuwa ko ƙofar tasha ba zai leƙa ba. Na sayo masa, na ƙi karɓar kuɗin, ya ba ni gwangwanin kifi biyu.

Irin su kusan miliyan 1.9 ne a duniya, mafi yawa daga Filifin, Rasha, Indonesiya, Sin da Indiya. Akwai yarjejeniyar ƙwadago ta 2006 da ta fara aiki a 2013, Najeriya ma ta sa hannu. Ta ce dole ma'aikaci ya samu hutun aƙalla awa 10 a kowace awa 24 da awa 77 a mako, kada kuma ya cika shekara a jirgi ba a mai da shi gida ba. Mafi ƙarancin albashin da aka amince wa ƙwararren ma'aikacin saman jirgi dala 658 ne a wata a 2023, manyan hafsoshi kuwa suna ninka haka sau da yawa. Wannan a takarda ke nan. Har yau ana samun mai jirgi ya tsere wa bashi ya bar ma'aikata a wata tasha ba albashi ba abinci, kuma da yake jirage da yawa tutar Laberiya ko Panama suke ɗauka alhali masu su suna wata nahiya, gano wanda za a kama sai an sha wuya.

Haɗarin fa? Ruwa ai ba sa'an kwando ba ne.

Haɗari uku zan ambata. Na farko ruwan kansa. A watan Mayun 2013 wani ƙaramin jirgi mai jan manya ya kife a tekun da ke gefen jihar Delta da mutum 12. Kukunsu, Harrison Okene, ya maƙale a wani lungu da iska ta rage, mita 30 a ƙarƙashin ruwa, cikin duhu da sanyi, kusan awa 60. Masu ninƙayan da aka turo gawa suka zo ɗauka, sai ɗayansu ya ji an kama masa hannu. Shi kaɗai ya rayu.

Na biyu 'yan fashin teku. Mu a Katsina ba sai an yi mana bayanin garkuwa da mutane ba. A 2020, cikin ma'aikatan jirage 135 da aka sace a duk duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su, wato ruwan da ke gabanmu. Abin ya ragu sosai bayan dokar hukunta 'yan fashin teku ta 2019 da shirin tsaron da aka ƙaddamar a 2021.

Na uku mantuwa. Lokacin korona ƙasashe suka rufe iyakoki, ana son kayan da ke cikin jirgi amma ba a son mutanen ciki su sauko. An kai lokacin da wajen mutum 400,000 suka maƙale a teku bayan wa'adinsu ya ƙare. Mu muna kulle a gida muna ƙorafin tsadar kaya, su suna kulle a ruwa suna kawo kayan.

Malam, Musulmi zai iya riƙe addininsa a wannan aiki?

Musulmi sun cika aikin, daga Indonesiya, Turkiyya, Masar da Bangaladash. Jirgi ba baƙon abu ba ne a addini. Alƙur'ani ya lissafa jiragen da ke gudana a teku da abin da ke amfanin mutane cikin ayoyin Allah, addu'ar da Annabi Nuhu ya yi wajen shiga jirgi kuwa har yau ita matafiya ke yi. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha ta ruwa suka bi. Hadisi ya sa wanda ruwa ya ci a cikin shahidai.

Game da salla malamai sun yi bayani: ka fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya ka juya, in tsayuwa ta gagara saboda igiyar ruwa ka zauna. Gano alƙibla ma ya fi sauƙi a can, tunda masu tuƙi sun san inda suke a kowane lokaci. Abin da ya fi wuya shi ne nama, sai ka yi magana da kuku tun ranar farko, da kuma azumi in jirgi ya hau can arewacin Turai lokacin bazararsu, inda rana ke jimawa ba ta faɗi ba. Salla ƙarama da babba kuwa, sau da yawa kai kaɗai za ka yi kabbararka.

Katsinawa sun taɓa shiga teku kuwa?

Tun da daɗewa. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya hau jirgin ruwa daga Ikko zuwa Ingila, ya gana da Sarki Joji na Biyar, wancan dai da ya yi wa ma'aikatan jirage laƙabi, daga nan ya wuce aikin Hajji. Shi ne sarki mai ci na farko a Arewa da ya yi haka. A yaƙin duniya na biyu kuma dubban 'yan Arewa da aka kai yaƙin Bama a jirgin ruwa aka kwashe su zuwa Indiya. Tsofaffin sojan da muka taras muna yara sukan ba da labarin makonnin da suka yi ba su ga ƙasa ba, wasu suka ce sun fi tsoron ruwan da bindigar Japan.

Alhaji, ɗana ya nace sai wannan aiki. Ta ina ake farawa?

Hajiya, da farko a duba sakamakonsa na sakandare: sai da Turanci, lissafi da fiziks. Sannan a kai shi a gwada idonsa tun kafin a kashe ko sisi. Jirgi da dare da fitilu yake magana, ja a hagu, kore a dama, wanda idonsa ba ya bambance launukan nan ba zai yi tuƙi ba komai ƙoƙarinsa.

Makarantar da ta fi daɗewa ita ce ta Oron a jihar Akwa Ibom, akwai kuma jami'ar harkokin teku a Okerenkoko ta jihar Delta. NIMASA tana da shirin da ta fara a 2008 na tura matasa karatu ƙasashe irin su Masar, Indiya da Filifin, an kuma ɗauki 'yan jihohin Arewa a ciki. Kowa sai ya yi kwas ɗin farko na kashe gobara, ceton kai a ruwa da taimakon gaggawa, ya karɓi littafin da ake rubuta masa kowace tafiya. Rashin iya iyo kada ya hana shi, ana koya.

Ga inda gizo ke saƙar. Bayan karatun aji, ba a ba mutum takardar zama hafsan jirgi sai ya yi kimanin wata goma sha biyu yana koyon aiki a cikin jirgi a teku. Jiragen kuwa ba mu da su da yawa. Ɗan wani aminina ya gama karatunsa da sakamako mai kyau, ya yi shekara uku yana aika takardu. Wani ejan a Legas ya karɓi kuɗinsu da alkawarin gurbi, daga baya wayarsa ta daina shiga. Yaron yanzu yana gyaran janareta a Sabuwar Unguwa, kuma gwani ne, amma ba don wannan aka sayar da gona ba. Saboda haka kafin ki biya kuɗin kowace makaranta, a tambaye su ɗalibansu na bara nawa suka samu jirgi, kuma a wane kamfani. In suka fara kame-kame, kin samu amsa.

Mata suna yi?

Suna yi, har akwai 'yan Najeriya da suka kai kyaftin da injiniya, sai dai a duk duniya ba su kai biyu cikin ɗari ba. An ware musu 18 ga Mayu. Wadda ba ta son zaman ruwa, aikin tasha da na hukumomi a buɗe yake. Hadiza Bala Usman, wadda mahaifinta ɗan Musawa ne, ta shugabanci hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa daga 2016 zuwa 2021.

Masu kwale-kwale na Zobe da Sabke da Yawuri suna cikin lissafin?

A doka ba sa ciki, su hukumar NIWA mai hedikwata a Lakwaja ce ke kula da su. A wurina kuwa suna ciki, domin su ne ma'aikatan ruwan da talakan Arewa ya sani ido da ido, kuma a hannunsu muke rasa rayuka duk damina saboda lodi fiye da kima, tafiyar dare da rashin rigar ruwa.

Tashar tsandauri ta Funtua, wato tashar kayan jirgin ruwa ta kan tudu, za ta canza wani abu?

Manufarta ita ce kwantena ta taso daga Sin da sunan Funtua a takardarta, a sauke ta a Legas, a wuce da ita ba tare da an buɗe ba, kwastan su duba ta a nan gida. Haka mai fitar da zoɓo ko citta ya gama takardunsa a nan. An buɗe ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtua a 2024. Duk wanda ya taɓa kwana a layin tirelolin Apapa ya san darajar wannan.

Sai dai tashar tsandauri da jirgin ƙasa take numfashi. In babu tarago mai zuwa a kai a kai, ta zama babban fili mai katanga. Shi ya sa nake sa ido kan layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya, da kuma jami'ar sufuri ta Daura. Zan so in ga ranar da ɗalibanta za su riƙa zuwa Apapa ko Lekki su hau jirgi su ga inda kayan ke fitowa.

To karramawar da kake ta faɗa, me za a yi takamaimai? Wani taron ne a otal?

Na halarci irin waɗannan taruka. A raba hula da riga, babban baƙo ya karanta jawabi, a ɗauki hoto, ma'aikatan da aka taru dominsu kuwa rabinsu suna teku, sauran suna bakin ƙofa. Yaba kyauta tukuici. In gwamnati na son karrama su, ta fara da biyan tsofaffin da ke bin ta haƙƙi tun suna da rai, ta sama wa yaran da ta kashe kuɗi ta koyar gurbin koyon aiki a jirgi, ta kuma tabbatar duk jirgin da ke cin kasuwa a ruwanmu ya ɗauki 'ya'yanmu kamar yadda doka ta ce.

Akwai kuma abin da bai kai wannan tsada ba. A Landan akwai wani dandali kusa da Hasumiyar Landan da aka rubuta sunayen ma'aikatan jiragen kasuwancin da suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu ba a ga gawarsu ba, jirgi-jirgi. A yaƙi na biyu kaɗai Ingila ta rasa fiye da 30,000, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma. Mu ma mutanen River Gurara suna da sunaye, kuma allo ɗaya zai ɗauke su.

A nan gida kuwa, malamin firamare ya nuna wa yara taswira ranar 25 ga Yuni, ya bi da su hanyar da babur ya biyo daga Indiya har kasuwar Katsina. Gidajen rediyonmu su nemo ɗan jihar nan da ya yi aikin, akwai su, a ba shi rabin awa. Liman in yana yi wa matafiya addu'a ya ce na tudu da na ruwa.

Kai fa Alhaji, ka taɓa yin tafiyar teku?

Sau ɗaya, in za a kira ta tafiya. Wani jirgi ya tsaya a can waje yana jiran layi, ana bukatar a kai wa kyaftin takardu ya sa hannu, na ce ni zan je. Muka shiga ƙaramin jirgi mai inji. Muna cikin tasha ina ta ba matuƙin labarin hawan Salla da yadda nake sukuwa a kan doki. Muna fita bakin mashigi ruwan ya canza launi, jirgin ya fara hawa yana sauka, waina da kunun da na karya da su suka ce ba da su ba. Da muka isa sai na ga tsanin igiya ne aka sako daga sama, yana lilo a jikin ƙarfe mai tsayin bene huɗu. Na dube shi, na dubi ruwan da ke ƙasa, na miƙa wa yaron matuƙin takardun na ce, "Ɗana, hau ka kai, Allah ya yi maka albarka." Ya ɗare kamar biri, ya dawo da sa hannun cikin minti goma, ya same ni kwance a kan buhun igiya, hulata a hannu.